Omron M3: gwanar awon tansiyo, amma ba ita ce likita ba ranar shanyewar jiki

Cikin na'urorin awon hawan jini da mutanen Maradi ke ajewa a gida, Omron M3 ta ɗaurawa a damtse ce muka fi yarda da ita. Na wuyan hannu sun fi arha, sai dai da hannu ya ɗan sauka ƙasa da saitin zuciya lamba ta hau.

Pil huɗu take ci, girman AA. Maɗaurinta na kama damtse mai kaurin santimita 22 zuwa 42, abin da ya dace da iyayenmu masu jiki, don ƙaramin maɗauri a babban hannu ƙara lamba yake yi. A zauna minti 5 tukuna, a jingina baya, maɗauri ya tsaya kamar yatsa ɗaya sama da gwiwar hannu, kuma ban da magana. In ta nuna 140/90, shi ne 14/9 ɗin da majo ke faɗa. Tana da alamar bugun zuciya marar tsari. In alamar na yawan fitowa a je a yi awon bugun zuciya na asibiti (ECG), domin irin wannan bugun kan sa jini ya daskare, gudan ya tafi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa.

Rauninta zafi ne. An ƙera ta don aiki tsakanin digiri 10 da 40, ga kuma yadda ɗakin kwano yake a Afrilu da Mayu. A auna da safe, a aje ta a inuwa.

Inda ake ɓarna shi ne ranar da baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Sai a ɗaura ta, a ga 200/110, a ruga neman nifedipine, ƙwayar sauke tansiyo, a sa ƙarƙashin harshe. Kada a yi. Jiki ne ke ɗaga tansiyo don jini ya ratsa zuwa sashen ƙwaƙwalwar da bai mutu ba, saukar da shi farat ɗaya kuwa faɗaɗa ɓarnar yake yi. In toshewar jijiya ce, ba fashewa ba, likitoci kan ƙyale tansiyo har 220/120. Sai in za a yi allurar alteplase mai narkar da gudan jini ake sauke shi ƙasa da 185/110, kuma awa 4 da rabi kawai ake da ita daga lokacin ƙarshe da aka ga mutum lafiya. Ciro gudan ta jijiya ya fi tasiri cikin awa 6, ga wasu har 24.

Na'urar ba ta bambance toshewa da fashewar jijiya, sikanar kai, wato hoton ƙwaƙwalwa, ke yin wannan. Don haka babu aspirin kafin hoto, babu ruwa ko kunu, haɗiya kan lalace abin ya bi huhu. A riƙe ƙarfe nawa abin ya fara, a kwantar da marar lafiyan ta gefe, a nufi asibitin da ke da sikana, a tafi da na'urar likita ya duba awon kwanakin baya da ta aje.