Kafin a saya wa ɗalibi mai naƙasa kayan karatu a Damagaram

Idan hutun damina ya zo ƙarshe, ana shirin komawa lakwal a watan Oktoba, uban da ke da yaro makaho ko kurma ba littafi da biro kaɗai yake lissafi ba. Sai ƙane da ke Kano ko Faransa ya bugo waya ya ce, "Yaya, faɗi abin da za a sayo wa yaron nan." A nan ake tafka kuskure, domin ido kan tafi wajen na'urar da ta fi tsada. Ni tambaya uku nake fara yi: me take ci kullum, wa zai gyara ta a garin nan, kuma mushen ajin, wato malaminsu, ya iya aiki da ita?

Mu fara da makaho, don nasa zaɓin ya fi yawa. Rubutun makafi, wanda Louis Braille ɗan Faransa ya fitar a 1829, ɗigo shida ne ake jujjuyawa su ba da kowane harafi. Hanya mafi araha ta rubuta shi ita ce allo da tsinke: allon roba ko na ƙarfe mai ƴan ramuka, a maƙale takarda a ciki a riƙa hudawa. Daga dama zuwa hagu ake hudar, kamar rubutun makarantar allo, sannan a juya takardar a shafa daga hagu zuwa dama. Ba ya son wuta, ba ya son batir, in ya faɗi ƙasa a kakkaɓe a ci gaba. Aibinsa jinkiri, kuma yaro ba ya iya duba abin da ya rubuta sai ya zare takardar. Takarda mai kauri yake so, ta littafin makaranta ɗigonta lotsewa yake yi. Don koyo a gida, tsohuwar kalanda ma ta wadatar.

Sai keken rubutu na Perkins, da aka fara ƙerawa a Amurka a 1951. Maɓallan ɗigo shida gare shi, ana danna su tare harafi ya fito ta sama, yaro ya shafa nan take. Ya fi allo sauri nesa ba kusa ba, ya kuma fi daɗin jera lissafi. Amma nauyinsa ya kusa kilo 5, kuɗinsa ɗaruruwan dalar Amurka ne, kuma ƙurar hunturu in ta shiga cikinsa maɓallan kan daskare. A ganina wannan kayan makaranta ne, a ajiye shi a aji da mayafinsa yara su yi karɓa-karɓa. Ba abin da ɗan shekara bakwai zai riƙa ɗauka daga Birni zuwa Zango ba ne.

Akwai na lantarki irin Orbit Reader 20, mai gurbin harafi 20 da ƴan ƙusoshi masu tasowa suna komawa, ana zuba masa littattafai a katin memori. Abu ne mai kyau ga wanda ya kai lise ko Jami'ar André Salifou. Sai dai ƙusoshin nan ba sa shiri da rairayi, kuma ba abin da mai gyaran salula a kasuwar Dole zai buɗe ba ne.

Ita salular fa? Wayoyin Android na da TalkBack mai karanta abin da ke fuskar waya da murya, iPhone na da VoiceOver, duka kyauta. A kwamfuta mai Windows akwai NVDA mai irin wannan aiki, da aka fara a Ostareliya a 2006, shi ma kyauta, saɓanin JAWS da ake biyan lasisinsa. Kada wanda ya karɓi kuɗinka don saka NVDA ya ce maka kuɗin manhaja ne. To amma ji daban, rubutu daban. A Faransanci "il parle" da "ils parlent" sautinsu ɗaya ne, yaron da kunne kawai ya koya da shi zai sha kashi ranar shifta. Muryar Faransanci kuma in ta ci karo da ƙ ko ɗ a rubutun Hausa, sai ka tausaya mata. Saboda haka allo da tsinke tun daga aji na CI, ajin farko na firamare, waya ta biyo baya.

Ba kowane mai matsalar ido ne makaho ba. Zabiya, alal misali, galibi yana gani dishi-dishi ne. A kai shi awon ido tukuna. Tabarau, gilashin ƙara girman rubutu, ƙaramin madubin hangen allo da zama a bencin gaba sukan isa.

Wajen kurame nan ne aka fi asarar kuɗi. Abin da ake tallatawa da araha a matsayin na'urar ji sau da yawa ƙara sauti kawai yake yi, muryar mushe da hayaniyar aji duka ya ɗura su a kunnen yaro. Ta gaskiya sai an yi gwajin ji, an saita ta daidai da sautukan da kunnen ya rasa. Ga yaro, mai rataye a bayan kunne ta fi, domin robar cikin kunnen kawai ake canzawa yayin da yake girma. Kafin ka biya, tambayi lambar batir: mai lamba 13 takardarsa ruwan lemo ce, mai 675 shuɗiya. Da zarar an ɓare takardar ya fara ƙarewa ko ba a yi aiki da shi ba, kuma kwanakinsa ƙidayayyu ne. Bi farmasi ka tabbatar ana samunsa, in ba haka ba nemi na'urar da ake yi wa caji, ka haɗa da ƙaramin sola saboda ɗaukewar wuta. Gumin watan Afrilu ma yana lalata na'urar, a riƙa kwantar da ita cikin akwatin busarwa da dare. Yaron da ba ya ji ko kaɗan kuwa, maganar hannu ce hanyarsa, kuma akwai makarantar kurame a nan Damagaram. Gara iyaye su ɓata lokaci su koyi maganar tare da shi.

Keken guragu ba ya son dogon bayani. Irin na asibiti ƙananan tayoyin gabansa nutsewa suke yi a rairayi. Mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda ke haɗawa da kayan keke, shi ne na hanya, kowane mai faci zai gyara shi. Matsalarsa tsawo: da ƙyar yake juyawa tsakanin benci, balle ya shiga bayan gida. A auna yaro kafin a ƙera, a sa matashi mai kyau don kada zama ya jawo gyambo. Sannan a je makarantar da abin awo a duba ƙofar aji da dakalinta. Dakali mai tsayin santimita 30 yana son gangare na aƙalla mita 3 da santimita 60, kuma kuɗin siminti da birkila su ma a sa su cikin lissafin da za a aika wa ƙanen.