Gargaɗi: wanda ya zo gyara min rauta ya cuce ni ₦545,000 a Kaduna

Assalamu alaikum jama'a. Kwana tara ke nan ina ɗaukar waya in rubuta wannan abu ina ajiyewa, saboda kunya. Yau dai na ce ko me za a ce a ce. ₦545,000. Dubu ɗari biyar da arba'in da biyar. Ba kuɗin gado ba ne, kuɗin siminti da rodi da fenti ne da na tara ina shan rana a Kawo. Allah ya isa tsakanina da yaron nan.

Ina da shagon kayan gini, kuma duk lissafina yana cikin kwamfutar tebur da ke gida a Unguwar Dosa: wanda ya karɓi kaya bashi, wanda ya biya rabi, lambobin wayarsu, komai. Ina yawan tafiya. In na hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, ko na sauka Legas sarin kaya, sai kwastoma ya kira yana musun abin da ake binsa, ni kuma littafin yana gida. Abin da nake so bai wuce in buɗe kwamfutar gidan daga wayata a duk inda nake ba. Shi ke nan. Ba wani abin haram na nema ba, ba kuɗin banza na bi ba.

Kuma kada wani ya ce ban san komai ba. Da kaina na shiga cikin rautar, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, na buga 192.168.8.1, na samu wurin buɗe ƙofar da za a shigo ta ita daga waje, na sa lamba 3389 kamar yadda na karanta, wato lambar ƙofar Remote Desktop, tsarin Windows na shiga kwamfuta daga nesa, na nuna mata adireshin kwamfutar. In ina cikin gida komai na tafiya tsakanin wayar da rautar, da na fita bakin titi na koma datar waya, shiru. Na kashe na kunna ya fi sau ashirin. Sati biyu ina wannan fama kafin na rubuta a wani zauren WhatsApp na 'yan kasuwa cewa ina neman wanda ya iya. Cikin awa ɗaya wani ya biyo ni ta gefe.

Ya ce shi injiniya ne, yana saka wa otal-otal da makarantu kyamara da intanet a Barnawa da Malali. Hausarsa tsaf, ga ladabi. “Alhaji, ai wannan ƙaramin aiki ne, gobe in Allah ya kai mu ina nan tafe.” Kuma ya zo. Wannan shi ne abin da ke ci min rai, ya zo gidana da ƙafarsa. Da ta waya kawai muka yi, da ban yarda ba, wallahi da ban yarda ba. Na sha samun masu kira su ce daga banki suke, in kashe musu waya. Amma wannan ya shigo falona, ya cire takalmi, ya gaida mahaifiyata har ƙasa, ya ce mata “Hajiya, ina wuni, ya ƙarfin jiki?”

Ana kiran la'asar ya ajiye abin da yake yi ya ce, “Alhaji, a ba ni buta.” Tare muka je masallacin layinmu, kafaɗa da kafaɗa. Da muka dawo na ɗauko ₦5,000 na ce ya sha mai, ya ture hannuna. Ya ce, “Haba Alhaji, bari aiki ya yi tukuna, hakkin mutum ba abin wasa ba ne.” Wannan maganar ce ta gama da ni. Kullum in na kwanta ita nake ji. Hakkin mutum ba abin wasa ba ne. Ya ture hannuna, ya ƙi ₦5,000, ashe ₦545,000 yake hange. Ku gaya min, wane ne a cikinku zai zargi mutumin da ya yi sallah kusa da shi kuma ya ƙi karɓar kuɗin mai?

Ranar ya karɓi ₦30,000 kuɗin aiki. A'a, tsaya, ba ranar ba ce, washegari ne na tura masa, bayan na gwada daga shago na ga allon kwamfutata ya fito a wayata. Ya fito kuwa. Na yi murna har na nuna wa yaran shago. Abin da ban sani ba, bai gyara komai a rautar ba. Manhajar AnyDesk ya saka, ta sarrafa kwamfuta daga nesa, wadda kowa zai iya saukewa, ya sa mata kalmar sirri ta shiga ba tare da an danna amincewa daga gida ba. Ya ba ni kalmar, shi ma ya riƙe. Manhajar ba ta da laifi, ma'aikata da yawa da ita suke aiki. Mukullin ɗakina ne ya yanka biyu ya tafi da ɗaya. Kuma ya ce in riƙa barin kwamfutar a kunne dare da rana a kan inbata, wai kada a ɗauke wuta haɗin ya yanke. Na bari.

Sai maganar ₦75,000. Wannan kafin in tafi Legas ne, ina jin ranar Laraba, ko Alhamis, zan duba alat ɗin. Ya kira ya ce haɗin da ya yi na wucin gadi ne, bayan kwana bakwai zai mutu sai an saya min lambar IP ta dindindin, wato adireshin intanet da ba ya canzawa, daga kamfanin layin, shekara guda ₦75,000, kuma yana da mutum a ciki da zai yi sauri. Ya turo min takarda mai tambari da sunana a jiki. Na biya. ₦75,000 a kan abin da babu shi. Takardar tana nan, zan saka hotonta ku gani da idonku, ku ce min ko ku za ku gane ta bogi ce.

Ina Legas, wajen ƙarfe goma na dare, na gaji liƙis, ya kira. “Alhaji, yi haƙuri na tashe ka, yanzu ake kunna lambar taka, za ka ga saƙo mai lamba shida, karanto min da sauri kafin ta mutu.” Saƙon ya shigo. Na ga lambobin a saman allo, ban buɗe saƙon gaba ɗaya ba, na karanta masa. Na sani. Na san ba a ba kowa wannan lamba, ni da kaina nake faɗa wa yarana. Amma ba baƙo ne ya kira ni ba, injiniyana ne, wanda ya ci tuwo a gidana, wanda ya ƙi ₦5,000. Kuma ina jiran a kunna abin da na biya ₦75,000 a kansa. Minti biyu ba a yi ba alat ya shigo, ₦290,000 sun fita. A lokacin yana zaune a cikin kwamfutata ta gida, ya buɗe shafin bankina, domin burauzar ta adana sunan shiga da kalmar sirri tun tuni. Lambar nan shida kaɗai ta rage masa, ni kuma na miƙa masa da bakina.

Na kira, a kashe. Na sake kira, a kashe. Na kira gida na ce a zare wayar kwamfutar daga bango, matata ta ce tun ɗazu take ganin kibiyar linzamin tana yawo ita kaɗai a allo, ta ɗauka ni ne nake aiki daga Legas.

Na manta ban faɗi na WhatsApp ba, kuma shi ne ya fi zafi. Wannan ya faru tun kafin daren, kwana biyu kafin nan, amma ni sai daga baya na sani. WhatsApp ɗina a haɗe yake da kwamfutar. Ya buɗe littafin bashi, ya zaɓi waɗanda nake bi da yawa, ya rubuta musu da sunana, daga lambata, cewa na canza asusu, a tura ta sabon. Yana gama turawa ya goge saƙon daga ɓangarena. Wani dattijo da muka shekara goma muna ciniki, mai gini a Rigachikun, ya tura ₦150,000. Da na dawo ya zo shago da rasit a hannu ya ce, “Alhaji, ka ga saƙo?” Me zan ce masa? Daga lambata aka rubuta. Na soke bashin, asarar tawa ce. ₦30,000, ₦75,000, ₦290,000, ₦150,000. Ku haɗa da kanku. ₦545,000.

Wasu 'yan'uwa har sun fara cewa ai ganganci na yi. Wanda bai shiga ba ya fi kowa iya magana. Ban ba shi katin ATM ba, ban ba shi BVN ba, ban bar shi shi kaɗai a ɗaki ba, ina zaune kusa da shi duk tsawon aikin. Ya nuna min katin shaida mai hotonsa. Aikin da ya ce zai yi na ga ya yi a idona kafin na biya ko sisi. Me kuma ake so mutum ya yi? Ganin kitse na yi wa rogo, na yarda, amma rogon an fere shi an shafa masa mai kafin a kawo min.

Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne bayanin da ɗan ƙanwata ya yi min bayan komai ya lalace. Yana karatun kwamfuta, ban tuna da shi ba tun farko don ina ganinsa yaro. Ya zauna minti biyar ya ce, “Kawu, wannan ƙofar da ka buɗe ko shekara za ka yi ba za ta yi aiki ba.” Ya nuna min adireshin da rautar ta samu daga kamfanin layi, ya fara da 100.72, sannan ya buɗe shafin da ke nuna adireshin da duniya ke ganinka da shi, lambar daban ce gaba ɗaya. Ya ce yawancin rautocin da ke aiki da layin waya haka suke, kamfani yana tara mutane da yawa a bayan adireshi ɗaya, ana kiran tsarin CGNAT, kuma duk adireshin da ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127 alamarsa ke nan. Kamar gidan haya ne mai ƙofar waje ɗaya wadda mukullinta ke hannun mai gida, ka buɗe ƙofar ɗakinka yadda kake so, na waje ba zai iso ba. Ya ƙara da cewa ko da ƙofar ta buɗu, kwamfutata Windows Home ce, ba ta karɓar shiga ta Remote Desktop, sai Windows Pro. Kuma barin 3389 a buɗe ga duniya haɗari ne, masu kutse suna laluben ta dare da rana. Abin da nake so, in ji shi, da manhajar Chrome Remote Desktop za a yi shi kyauta ba tare da an taɓa rautar ba, kalmar sirrin kuma ni kaɗai zan sani. Kyauta. Ni kuma na biya ₦105,000 kafin ma a fara satar.

Na je banki da safiyar da na dawo, na cike takarda, sun rufe shiga ta intanet, sun ce za su bi sawun asusun da kuɗin suka shiga. Na kai ƙara caji ofis, an rubuta. Ina shirin kai takarda ofishin EFCC na nan Kaduna. Otal ɗin da ya ce ya yi wa aiki a Barnawa na je da kaina, ba su taɓa jin sunansa ba. Wanda ya sa shi a zauren namu ya ce shi ma a wani zaure ya gan shi. An goge kwamfutar tas an sake zuba mata komai, na canza duk kalmomin sirri, na cire duk na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗina, na bi kwastomomi ɗaya bayan ɗaya ina ba su haƙuri ina cewa asusuna bai canza ba. Kwana uku ina wannan kiran, kowane kira kamar ana zare min tufa a kasuwa.

Hotunan hirarmu, takardar bogin, da alat ukun duk suna hannuna. An ba ni shawara kada in saki suna da lamba sai masu bincike sun gama, shi ya sa ban saka ba, amma zan saka hotunan da zarar na rufe lambobin mutane. Duk wanda aka yi wa irin wannan a Kawo, Malali, Barnawa ko Tudun Wada ya yi min magana ta gefe mu haɗa ƙara, na tabbata ba ni kaɗai ba ne.

Ku kuma, kada ku bar kowa ya sa kalmar sirri a na'urarku da hannunsa, kada ku adana ta banki a burauza, lamba shida kuma ko wane ne kada ku karanta masa. Mahaifiyata har jiya tana tambayata ina yaron nan mai ladabi da ya gaishe ta, ban iya gaya mata ba.