Tsiron hanci da tiyata ta biyu: abin da za ku tarar a Ingila da Amurka

'Yan'uwa na gida, masu fama da tsiron hanci da yawa na tambaya ko su tara kuɗi su fito waje a sake yi musu tiyata, tunda ta farko ba ta hana shi dawowa ba. Ga yadda lamarin yake a nan Ingila, da inda ya sha bamban da Amurka.

Dawowar tsiro ba lallai ne laifin likitan farko ba. Asalin cutar kumburi ne a fatar cikin hanci da ta kogunan da ke cikin ƙashin fuska. Idan toshewa, majina, nauyin fuska da rashin jin ƙanshi suka wuce mako 12, an shiga mai daɗewa ke nan. Tiyata tana kwashe tsiron ta buɗe ƙofofin kogunan, amma kamar yankan ciyawa ne, saiwar tana ƙasa. A Landan ma akwai waɗanda aka yi wa sau biyu, sau uku. Ya fi saurin dawowa ga mai asma, musamman wanda aspirin ke tayar masa da numfashi. Irin wannan ya guji ibuprofen da diclofenac, ya kuma faɗa wa kowane likita kafin a rubuta masa maganin ciwo.

A Ingila ba a tsallakawa kai tsaye wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Likitan unguwa zai fara ba ka maganin feshi na wata biyu ko uku, sannan ya tura ka. Ƙa'idar NHS, hukumar asibitocin gwamnati, ita ce a fara jinya cikin mako 18, amma layin wannan sashe dogo ne, ana wuce hakan sosai. Mazauni ba ya biyan kuɗin tiyata, mai bizar aiki kuma ya riga ya biya kuɗin kula da lafiya fam 1,035 na kowace shekara tun wajen neman biza. Wanda ya zo da bizar ziyara ba ya cikin wannan rabo: ko ya tafi asibitin kuɗi, ko NHS ta caje shi kashi 150 cikin ɗari na farashinta.

A Amurka, mai inshora mai kyau yana ganin ƙwararre da wuri, sai dai kusan duk abu mai tsada sai kamfanin inshora ya amince tukuna, kuma akwai kason da za ka fara biya daga aljihunka. Kayan aiki kuwa sun fi yawa a can. Likitoci na yawan rubuta budesonide a zuba cikin ruwan wanke hanci, akwai kuma Sinuva, ɗan abin da ake sakawa cikin kogon da aka taɓa yi wa aiki yana sakin magani a hankali. Babban bambancin shi ne alluran da ke kwantar da kumburin daga tushe. Amurka ta amince da Dupixent don tsiron hanci a 2019, miligiram 300 duk mako biyu, Xolair a 2020, Nucala a 2021, shi kuma duk mako huɗu. A Ingila an daɗe ana samun irinsu ne galibi ta ƙofar asma mai tsanani. Suna rage tsiro, suna dawo wa mutane da yawa da jin ƙanshi, amma da an daina cutar kan dawo, don haka ba abin da baƙo zai yi wata guda ya koma gida ba ne.

Tiyata ta biyu ta fi ta farko wuya. Ta cikin hanci ake yin ta da siririyar kyamara, ba a yanka fuska, yawanci a sallame ka ranar. Matsalar ita ce alamomin da likita ke bi an cire wasu, tabo ya rufe wasu, ga ido a gefe, ga ƙasan ƙoƙon kai a sama. Shi ya sa ake ɗaukar sabon hoton CT, manyan asibitoci kuma na haɗa shi da na'urar da ke nuna inda bakin ƙarfen yake. Haɗarin da za a sa ka sa hannu a kai sun haɗa da zubar jini, rauni a ido da yoyon ruwan ƙwaƙwalwa, ko da yake na biyun ƙarshe ba su cika faruwa ba.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne kula bayan aiki, don nan ne mutane ke asarar tiyatar da suka sha wahala a kai, kuma ba ya buƙatar biza. Kwalbar wanke hanci irin ta NeilMed tana cin mililita 240. A tafasa ruwa ya huce, kada a ɗebo daga famfo kai tsaye, a zuba ƙunshin gishirin guda, a sunkuya a matsa rabi ta kowace kafa, baki a buɗe, safe da yamma. Bayan wankin ne ake fesa mometasone ko fluticasone, ba kafinsa ba. Hannun dama ya fesa kafar hagu, bakin kwalbar ya kalli wajen kunne. Idan ya kalli bangon tsakiya sai haɓo ya biyo baya. Kada a shaƙa da ƙarfi, maganin zai wuce maƙogwaro ne. Yana ɗaukar makonni kafin a ji aikinsa, kuma ba a dainawa don hanci ya buɗe.

Abu biyu ke ɓata mutane. Feshin buɗe hanci irin Otrivin, idan ya wuce mako guda, shi da kansa yake jawo toshewa. Ƙwayar prednisolone kuma tana narkar da tsiro cikin kwanaki, sai mutum ya riƙa saye yana maimaitawa, har sukari ya hau, ƙashi ya yi rauni, ido ya yi yana.

Mai niyyar fitowa ya taho da tsohon hoton CT, takardar bayanin tiyatar farko, da sakamakon gwajin naman da aka cire. Amma tsiro a kafa ɗaya tilo, majina mai jini, kumburin ido ko gani biyu-biyu, waɗannan ba a jiran tafiya da su, a ga likita mafi kusa nan take.