Shimfiɗar matakala ko katakon gangare: wanda ya sa kwikwiyona ya koyi saukowa

Malama, sannu da ƙoƙari. Tunda kin ce naki ɗan wata huɗu ne, yana hawa bene lafiya lau amma saukowa ta gagara, kuma kina tsakanin sayen katakon gangare da shimfiɗar nan mai hana santsi da ake mannawa a kan kowace matakala, to duka biyun na taɓa saya. Shimfiɗar za ki ɗauka.

Nawa Duna nake kiransa. Matakalarmu ta tayil ce, hawa goma sha huɗu, kuma haka ya dinga yi kamar naki. Ya haura da gudu, in ya juyo zai sauko sai ya yi turus a baki, ya miƙo ƙafa ɗaya, farcensa ya taɓa tayil ya ɗan zame, ya janye ƙafar da sauri ya koma baya yana kuka, jikinsa na ɓari. Na yi kwanaki ina zaton taurin kai ne. Ranar da na durƙusa kusa da shi na kalli matakalar daga daidai idonsa ne na gane abin da yake gani. Hawa ɗaya ya kai wajen santimita 17 ko 18, wato ya kusa tsawon ƙafarsa a lokacin, ga kuma ramin yana ta zurfi har ƙasa. Kare kuwa ko a tsaye yake, kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa a kan ƙafafun gaba yake. In zai sauka, kai ne ke yin ƙasa, nauyin ya ƙara tattaruwa gaba, to in ƙafar gaban ta zame, da fuska zai faɗi. Wajen hawa ƙafafun baya ne ke tura shi, kuma matakalar da zai taka tana gaban hancinsa, shi ya sa hawan ba ya ba shi tsoro. Da kare ya ji zai zame, faratansa yake kafawa, su kuwa ba su da abin kamawa a jikin tayil ko katako mai sulɓi. Nan tsoron yake.

Da na manna shimfiɗar, ban kai shi sama ba. Ɗaukarsa na yi na ajiye a matakala ta ƙarshe, wadda daga ita sai ƙasa, na zauna a ƙasan da ɗan gutsuren dafaffen nama a tafin hannuna. Ya daɗe yana shinshina shimfiɗar, ya taka, ya sake takawa, kamar yana gwada ko za ta ci amanarsa. Ban kira shi ba, ban matsa masa ba. Can sai ya sauko da ƙafa ɗaya, ya biyo da ɗayar, ga shi a cinyata yana kaɗa wutsiya. Sau uku muka yi na tsaya, tun yana marmari. Washegari hawa biyu. A kwana na biyar wani abu ya faɗi a kicin da ƙara daidai yana tsakiyar hawa huɗu, ya firgita ya kafe, sai na mayar da shi hawa ɗaya muka sake farowa. Wannan komawa baya kada ta karya miki gwiwa, tana faruwa. Wajen mako biyu da farawa, wata safiya ina ƙasa sai na ji motsi a hankali daga sama. Na ɗaga kai, Duna ne shi kaɗai, yana saukowa ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan tsayawa a kowace matakala yana kallona. Da ya iso ƙasa ya zagaye ni da gudu har sau biyu. Har yau in na tuna safiyar nan sai in ji daɗi a raina.

Katakon gangaren kuwa yana nan jingine a bayan ƙofa. Ba zan ce ba shi da amfani ba: don shiga mota, ko hawa gado, ko don tsohon kare mai ciwon gaɓoɓi, ko irin karnukan nan masu dogon baya da gajerun ƙafafu kamar dachshund waɗanda bayansu ke saurin samun matsala, yana yi. Amma a kan bene mai hawa da yawa ya yi tsaye ƙwarai, yana kuma motsi in an taka, Duna ko kusa da shi bai yarda ya je ba. Ko da ya yarda ma, ai bai koyi matakala ba, kuma zai haɗu da ita wata rana a asibitin dabbobi ko a gidan da kuka je.

Akwai maganar shekaru da nake so ki riƙe. Wani bincike da aka yi a ƙasar Norway, aka wallafa a 2012, a kan manyan karnuka irin su Labrador da Newfoundland, ya gano cewa 'yan kwikwiyon da ke hawa da sauka a matakala kafin su cika wata uku sun fi fuskantar matsalar gaɓar kwatangwalo daga baya. Naki ya wuce wannan, amma ƙashinsa bai gama ƙwari ba, manyan karnuka sukan kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ƙashin ya gama girma. Saboda haka koyarwa daban, barinsa ya yi ta sintiri sama da ƙasa yini guda daban. Ki sa ɗan shinge a bakin benen, ki riƙa ɗaukarsa in ba lokacin koyo ba ne.

Kada ki ja shi da igiyar wuya, don Allah. Tana shaƙe maƙogwaro, kuma da kare ya ji ana jansa gaba, baya yake turjewa, sai tsoron ya ninku. In dole sai kin riƙe shi, ɗamarar ƙirji ta fi, ki bar igiyar a sake, ke kuma kina ƙasa da shi. Kada a tura shi ta baya, kada kuma a bar shi a sama yana kuka wai har ya gaji ya sauko. Ki duba faratansa, in sun yi tsawo a rage, haka gashin da ke fitowa tsakanin tafin ƙafa, shi ma yana sa zamewa. Ki kunna fitila. In matakalarku irin mai ɓula tsakanin hawa da hawa ce, wadda ake hango ƙasa ta ciki, ki toshe da kwali har ya saba. Amma in da can yana sauka ya daina kwatsam, ko kin ga yana ɗingishi, ko yana ƙara in an taɓa bayansa, ki bar batun koyarwa ki kai shi wurin likitan dabbobi.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu sayarwa. Shimfiɗar farko da na yi oda ta intanet, a hoto kauri gare ta da roba a ƙasa, wadda aka kawo min kuwa siririn ƙyalle ne da leda mai sulɓi a bayansa, gam ɗin ya saki a kwana uku. Wannan ta fi tayil tsirara haɗari, domin tare da ƙafar karen take zamewa. Mai sayarwar kuma ya daina ɗaukar waya. Ki juya bayanta ki gani da idonki, ki ɗora a kan tayil ki danna da tafin hannu ki tura. In ta motsa, ki ajiye musu kayansu. In daga nesa ne, ki ce a turo miki bidiyon bayanta, kada ki biya duka sai kaya sun iso. Wasu za su haɗa miki da ƙwaya ko feshi wai na kwantar da hankalin kare, ba sunan kamfani ba ranar lalacewa. Kada ki ba shi komai irin wannan sai likita ya gani.

Ki ƙirga matakalarki ki sayi daidai adadin, ki ƙara ɗaya babba ta ƙasa inda zai diro, domin nan ma ana zamewa. Ki wanke tayil ɗin ya bushe sarai kafin ki manna. Sai ki fara da shi daga hawan ƙarshe, kafin ya ci abinci, minti uku zuwa biyar sun isa.