Wata takwas ina tantance Ethereum daga cikin kwantenar Docker

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in kafa tawa na'urar tantancewa. Tun da Ethereum, hanyar sadarwar kuɗin intanet na ETH, ta daina haƙar kuɗi da ƙarfin injuna a ranar 15 ga Satumba 2022, duk mai son shiga sahun masu tantancewa, wato masu tabbatar da hada-hadar da ake yi a kanta, sai ya ajiye jinginar ETH 32, kuma wannan ba kuɗin da za a koyi aiki da su ba ne. Shi ya sa na fara da Hoodi, dandalin gwaji da aka buɗe a 2025, inda ko ka yi ɓarna ba abin da zai fita daga aljihunka. Sai da hannuna ya faɗa sannan na koma na gaske.

Abin da ake kira na'ura ɗaya, manhaja uku ce ke aiki tare. Akwai mai zartar da hada-hada, na ɗauki Nethermind. Akwai mai bin sahun yarjejeniya, na ɗauki Lighthouse, sai kuma ƙaramar manhajar da ke riƙe da makulli tana sa hannu. A nan Docker, manhajar da ke killace kowace manhaja a keɓaɓɓen wurin da ake kira kwantena, ta burge ni. Kowacce na zaune a kwantenarta, ba ruwan wata da kayan wata, kuma duk tsarin yana cikin fayil guda da bai cika shafi biyu ba. Na rubuta docker compose up -d, na ɗan jira, sai ga layuka na zubowa a allo. Manhajoji biyun farko suna magana ta ƙofa mai lamba 8551, da wata kalmar sirri da dole kowacce ta gani a wuri ɗaya. Na ɓata kusan awa guda a kan wannan, ashe harafi ɗaya na tsallake wajen rubuta hanyar fayil ɗin.

Maganar inji ba ta da tsawo: faifan NVMe mai terabait 2, ƙwaƙwalwa gigabait 32, da intanet marar yankewa. Kada ka yi rowa wajen faifan, don shi ke shan wahala. Agogon injin ma ya zama daidai, domin Ethereum tana raba lokaci gurbi-gurbi, kowane gurbi daƙiƙa 12 ne kacal, gurbi 32 su ne zagaye ɗaya, wato minti 6 da daƙiƙa 24, kuma a kowane zagaye ana jiran shaidarka, wato ƙuri'ar da na'urarka ke sa wa hannu, sau ɗaya. Agogon da ya yi jinkiri zai riƙa sa ka makara ba ka sani ba.

Sabunta manhaja shi ne inda na fi jin daɗi. In canja lambar sigar a fayil, in jawo sabuwar, in sake tayarwa, cikin 'yan mintuna an gama. In sabuwar ba ta yi mini ba, in mayar da tsohuwar lamba. Ni dai ba na yarda da alamar latest, mai jawo sigar da ta fi sabunta, na fi so in rubuta lambar da hannuna bayan na karanta abin da aka canja.

Kuskurena na farko laifina ne tsantsa. Ban kula cewa kwantena daƙiƙa 10 kawai take ba manhaja ta tattara kayanta kafin a kashe ta ba, sai in kai ka ƙara mata lokaci. Na sake kunna injin da gaggawa wata rana da dare, washegari na tarar mai zartarwar tana ta faman gyara rumbun bayananta, shaiduna kuma sun yi ta wucewa. Layi ɗaya, stop_grace_period, ya magance matsalar. Asarar ba ta taka kara ta karya ba, don tarar rashin halarta kusan daidai take da ladan da ka so samu a wannan lokacin. Sai a kula da ƙofofi: wadda ka buɗe a fayil ɗin kwantena tana iya tsallake dokokin ufw, manhajar da ke tsaron ƙofofin injin, don haka na bar 30303 da 9000 kawai a fili, sauran na ɗaure su a cikin injin.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Sauƙin da kwantena ke da shi wajen kwafa, shi ne haɗarinta a wannan aiki. Idan makulli ɗaya ya sa hannu daga wuri biyu a kan abubuwa masu karo da juna, ba tara ƙarama ba ce: za a yanki jinginarka, a fitar da kai daga sahu, ka kuma jira kusan kwana 36 kafin ka taɓa ragowar. Ranar da na ƙaura zuwa sabon inji, na riga na kwafe makullin, yatsana na kan madanni, sai na tuna tsohuwar kwantenar na da umarnin tashi da kanta duk lokacin da injin ya kunnu. Gabana ya faɗi. Na koma na goge makullin daga tsohon faifan, na ɗauko kundin da ke riƙe tarihin duk abin da na taɓa sa wa hannu, na kuma kunna tsarin da ke sa na'ura ta saurara zagaye biyu zuwa uku ko akwai tagwayenta a waje. Na rasa 'yan shaidu, ban ko damu ba. Wannan kundin ma, in ba ka ajiye shi a rumbun da ke wajen kwantena ba, docker compose down -v zai tafi da shi ba sallama.

Wanda ya saba da Linux kuma ba ya gajiya da karanta layukan rahoto zai ji daɗin wannan tsari, ni ma ba ni da niyyar komawa girka komai kai tsaye a kan inji. Wanda bai taɓa buɗe Docker ba, ya yi wata guda a Hoodi tukuna, ya kashe, ya tayar, ya gwada ƙaura da gangan. Kalmomin sirri 24 da aka samar da makullin daga gare su kuwa, nawa suna kan takarda, ba su taɓa shiga wannan injin ba.