Kan jirginka ba ya hayaƙi sosai? Fara sanin irin na'urar da ke ciki

Ɗan'uwa, ka ce ƙananan kawunan jirgin ƙasa na wasa biyu da kake da su duk hayaƙinsu ya ragu, ka ƙara musu man hayaƙi, ɗaya ya farfaɗo, ɗayan kuma ya ƙara lalacewa. Ina kyautata zaton na'urorin hayaƙinsu ba iri ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce mai siririn bututu, irin wadda kamfanin Seuthe na Jamus ke yi, ana yawan samunta a jiragen wasa na kamfanin Märklin. Ba ta da fanka. Wayar zafi ce a tsakiyar bututun, mai ya hau ya taɓa ta, ya zama hayaƙi. Cikinta ƙarami ne, digo kaɗan ya ishe ta. Idan ka cika ta, man ya sanyaya wayar, sai ta koma tofar da mai maimakon hayaƙi. Zuƙe rarar da sirinji. Wani lokacin iska ce ta maƙale a bututun, hura bakinsa a hankali. Amma abin da aka fi mantawa shi ne wuta: Seuthe lamba 10 tana aiki tsakanin volt 10 da 16, lamba 11 kuwa tana son 16 zuwa 22. Idan ka sa lamba 11 a layin da wutarsa ba ta kai ba, ko ka tafi da jirgin a hankali a tsohon tsarin da gudu ke bin ƙarfin wuta, hayaƙin ba zai taɓa yin kauri ba.

Ta biyu mai fanka ce, irin ta jiragen zamani na kamfanonin MTH da Lionel. Tana da lagwani na zaren gilashi da ya rungumi wayar zafi, fanka kuma ta turo hayaƙin waje. Ita ƙishirwa ce ke kashe ta. Da ta yi aiki a bushe, lagwanin ya ƙone ya yi baƙi ya taurare, ya daina shan mai, kuma babu yawan digon da zai dawo da shi sai an canza. Kara kunnenka: idan ba ka jin ƙarar fanka, matsalar can take. Duba kuma ko an rage hayaƙin a saitin na'urar sarrafawa.

Ni dai a wannan nau'in, duk lokacin da ba zan zuba mai ba, kashe makunnin hayaƙin nake yi kafin jirgin ya hau layi.