PYTHIA 8: manhajar da ta nuna min yadda kwak ke rarraba makamashi bayan karo

Na kusa wata biyu ina amfani da PYTHIA 8 a laftof ɗina, gaskiya ta burge ni. Ga wanda bai san ta ba, manhaja ce ta kyauta da ta samo asali daga Jami'ar Lund ta ƙasar Siwidin, aikinta kwaikwayon abin da ke faruwa idan ƙananan ƙwayoyin zarra suka yi karo da gudu mai tsanani, irin na LHC, katafaren injin gwara ƙwayoyi da ke cibiyar binciken CERN a Turai, inda a 2022 aka fara gwara furoton da furoton a 13.6 TeV (TeV da GeV ma'aunin makamashi ne, TeV ɗaya GeV dubu ne).

Abin da ya fi kama min hankali shi ne maganar zare. Ka san kwak, wato ƙaramar ƙwayar da ke cikin furoton, ba ya yarda ya fita shi kaɗai, ƙarfin da ke ɗaure shi da ɗan'uwansa ba ya raguwa don sun yi nisa, sai dai wani abu kamar zare ya miƙe tsakaninsu, kuma ja ɗin da yake yi ya kai kusan 1 GeV a kowane femtomita (tsawon da ya kai kusan faɗin furoton), wato kamar nauyin tan 16 kenan a kan abin da ido ba zai taɓa gani ba! Idan zaren ya miƙe da yawa sai ya tsinke, sabbin kwak su ɓullo a wajen tsinkewar, haka dai har makamashin ya koma tarin ƙwayoyi masu tafiya a dunƙule, shi ne ake ce wa jet.

To ni abin da na yi, na gwara ilektoron da kishiyarsa fozitoron a 91.2 GeV, na ware karon da suka ba da jet uku: na kwak, na kishiyarsa (antikwak), da na guluwon, wato ƙwayar da ke ɗaure kwak da kwak. Wallahi sai ga shi ƙarara, tsakanin jet ɗin kwak da na kishiyarsa ƙwayoyin ba su da yawa, sun fi cunkushewa ta ɓangarorin guluwon, saboda zaren ta kan guluwon yake bi ya lanƙwasa. Abin da masu gwajin JADE suka gani kenan a injin PETRA na Hambug a farkon shekarun 1980, injin da aka fara ganin guluwon ɗin kansa a 1979. Na sha karanta wannan a littafi amma sai ranar ya zauna min.

Wani daɗin kuma, kana iya kashe mataki ɗaya, misali ka hana kwak fitar da guluwon ko ka hana zaren tsinkewa, ka ga yadda rabon makamashin zai canza.

Sai dai ka shirya, babu hotuna masu ƙyalli, lambobi ne zalla a jere, kuma da C++ aka rubuta ta, duk da dai ana iya kiranta ta Python. Zanen sakamako kai za ka yi da kanka. Ɗalibin fiziks da ya ɗan iya rubuta kod ya fara da misalan da ke zuwa tare da ita, ya sauya lamba ɗaya kawai ya ga abin da zai fito.